Sallau Mai Farfaɗo da Tasa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar gada a Gaya ya san gidan tasa. Gidan kamfanin sadarwa ne na gwamnati, amma ba mai kiran sa da sunan da aka rubuta a allon ƙofa, don abin da ido ke fara gani shi ne wata ƙatuwar farar tasa a tsakar gidan, ta ɗaga baki sama kamar ƙwaryar da aka ajiye don tarar ruwan sama. Ta nan maganar tarho da aikin ordinata, wato kwamfuta, ke tashi zuwa tauraron ɗan Adam, su sauko Yamai. In ta tsaya, biro-biron garin, wato ofisoshi, sun tsaya, takardun kaya ba sa fita, sai ka ga kamiyo, manyan motocin kaya, sun yi layi tun daga bakin gada har ka rasa ƙarshensu.

A ƙofar gidan nan nake sayar da sakwara da miyar kifi, sunana Rakiya, kuma a ƙofar nan Sallau ya yi gadi har gemunsa ya yi fari. Taubashina ne, ɗan kawuna na Bengu, don haka bakina a sake yake a kansa. Abin da wani zai faɗa masa a yi rigima, ni in na faɗa sai dai ya ce, "Allah shi shirye ki." Gajere ne, mai faɗin ƙafa, kullum cikin sauri kamar an aike shi an ce kada ya daɗe, alhali aikinsa duka zama ne a kan dakali.

Kafin gadin babu sana'ar da bai taɓa ba, kuma babu wadda ta karɓe shi. Ya noma shinkafa a fadama, kogi ya zo ya kwashe. Ya shiga tuƙin kwalekwale, aka gano bai iya iyo ba a ranar da ya kamata a ce ya iya. Ya ari babur ya fara kabu-kabu, ya kayar da wata mata da kwandon ƙwan zabi a gaban kasuwa, har yau in ta hango shi sai ta canza hanya. Da aka samo masa gadin gidan tasa, har da ɗan ɗaki a bayan gidan shi da matarsa Hajjo, dangi suka yi hamdala, suka ce ko ba komai wannan aikin ba a faɗuwa a cikinsa. Sai dai ba mai kiran sunansa a wurin. "Gardi, buɗe." "Gardi, rufe." "Gardi, kori akuyar can." Yakan zo ya zauna kusa da turmina, ni kuwa na san abin na cin sa, don mutum ne mai son a san da shi.

Wata rana da bazara, gab da azahar, zafi ya kai inda ƙadangare ma ke neman inuwa, sai rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke. Ma'aikatan ciki suka shiga danne-danne. Shef na lokacin, wato shugaban gidan, ya ɗauki tarho zai kira Yamai, sannan ya tuna tarhon ma ta tasar yake bi. Sallau ya fito tsakar gida ya ɗaga kai. Rana ta zauna daram a cikin tasar, tana ƙyalli har ido ba ya iya kallo. Nan ya tuna jakin babansa da ya taɓa faɗuwa a hanyar Bengu da irin wannan zafin, aka kwara masa ruwa ya miƙe. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki tulun ruwan shansa, ya jingina tsani, ya hau, ya yi bisimilla ya shiga watsa wa tasa ruwa. Bai gama saukowa ba aka yi ihu daga ciki, "Ya dawo!"

Washegari a daidai lokacin ta sake ɗaukewa, ya sake hawa, ta sake dawowa. Kafin a yi haka sau nawa direbobi sun cika ƙofa suna kallo, har da masu ba da shawara. Da ya sauko wani ɗan Dendi ya kama hannunsa biyu-biyu yana ta "fofo, fofo," wato sannu da yarensu, wani ya cire hularsa ya yi masa fifita. Sallau ya zo wurina kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

"Rakiya," ya ce, "suma taka yi. Rana ka bugun ta, kamar mutum."

Na ce, "To, lokotoro, matsa daga bakin wutata kada kai ma ka suma, don ni ba ni hawa tsani."

Sunan nan na lokotoro, wato likita, da tsiya na faɗe shi, amma kafin mako ya zagayo ya bi gari.

Bari in faɗa muku tun yanzu abin da ni kaina ban sani ba sai bayan shekaru. Sau biyu a shekara, farkon bazara da kuma lokacin yankan gero, rana na bi ta daidai bayan tauraron da tasar ke saurare. Hayaniyar ranar sai ta danne muryar tauraron, kamar ka tsaya magana da mutum injin niƙa na aiki a bayansa. Ba a daɗewa rana ta gota, magana ta dawo. Haka abin zai riƙa yi na 'yan kwanaki, sannan ya wuce sai wani zagayen. A zuba ruwa ko kada a zuba, duk ɗaya ne. Sallau bai san wannan ba, kuma a kan rashin sanin nan ya gina duk mutuncinsa.

Mutunci kuwa ya samu. "Gardi" ya mutu, aka koma Malam Sallau, Lokotoron Tasa. Direban da ya taso daga Kwatano sai ya sauke masa abarba, na Faraku ya ajiye doya. Ya kafa wa aikin dokoki. Ruwan famfo ba ya yi, sai na randa wanda ya kwana. Daga gefen gabas ake farawa. Ba a kwarawa, yayyafawa ake yi, ana yi ana lallashi, don ya raɗa wa tasar suna Tsohuwa, kuma tsohuwa ba a yi mata gaggawa. Ya kuma san iyakarsa, irin ta manyan likitoci. In kuran ne ya ɗauke, wato wutar lantarki, ko hadari ya taso rezo ya tafi, aka zo da gudu ana kiran sa, ko motsi ba ya yi. "Wanga ba ciwona ba ne," zai ce, "ku nemi yaran ciki."

Wani direba ɗan Karakara ya ga abin ya yi masa sauƙi. Tarhonsa ya yi zafi a hanya ya daina aiki, sai ya tsoma shi a butar alwala. Ya zo da gawar tarhon yana ƙorafi. Sallau ya juya shi, ya girgiza, ruwa na ɗiga, ya miƙa masa abinsa.

"Daga wane gehe ka hwara?"

"Gehe kuma? Tsoma shi na yi."

"To ka ji. Kowa ya ga ana yi sai shi ce ya iya."

Mutanen Zabori ma sun taɓa aiko da amalanke takanas, wai ya je ya duba musu ƙaramar tasar gidan kallon ƙwallo da ke ɗaukewa duk sanda aka kusa cin gida. Ya ce su yi haƙuri, shi bai karanci ciwon yara ba. Suka koma suna ƙara girmama shi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne abin da aikin ya ci masa. Da zarar mangwaro ya fara nuna, ko gero ya isa yanka, Sallau ba ya taka ko bakin kasuwa. Ƙaninsa ya sa ranar aure a irin lokacin, sai da aka ɗaga. Ranar sunan autarsa Latifa ya bar baƙi da rago a kan wuta ya ruga, ya dawo jiƙe sharkaf yana murmushi, ya ce yarinya ta zo da goshi. Zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi a irin makon, ya rarrafo ya hau yana rawar ɗari. Ko sau ɗaya bai taɓa fashi ba, shi ya sa ko sau ɗaya bai taɓa ganin abin da zai faru in bai hau ba.

Gonar mahaifiyarsa a Bengu kuwa, shekara da shekaru 'ya'yan wasu ke yanke mata, shi sai dai ya aika da gaisuwa da doyar direbobi. Wata kaka tsohuwar ta ƙule, ta hau mota ta zo da kanta ta ga abin da ke hana ɗanta zuwa. Ta zauna a rumfata da sandarta, ta kalle shi yana hawa, ta kalle shi yana yayyafi, ta taɓe baki.

"Wanga shi ne aikin? Ba da ruwa ga kwano?"

Ba ta rufe baki ba rezo ya dawo. Wani ya ce ai uwar lokotoro ce zaune, sai ga ƙarti majiya ƙarfi suna cire takalmi suna tsugunawa gabanta, wannan na neman albarka, wancan na ajiye mata goro a zane. Tsohuwa ta gyara zama, ta shiga sa albarka da hannu biyu kamar ta saba. Da za ta koma ta ce masa ya zauna kan aikinsa, gero ba ya rasa mai yanka. Har ta rasu, in aka tambaye ta Sallau sai ta ce yana Gaya, shi ya riƙe garin.

Shef-shef ɗin da aka riƙa kawowa sun san gaskiya, ai karatunsu ke nan. Ɗaya daga cikinsu, mai yawan son koyarwa, ya taɓa zaunar da shi a kan bencina. Ya ajiye faranti ya ce ga tasa, ya riƙe goro a sama ya ce ga tauraro, ya kunna cocila a bayan goron ya ce ga rana. Ya yi bayani rabi da Hausa rabi da Faransanci har gumi ya keto masa. Sallau ya saurara da ladabi, sannan ya kira shi da mushe, wato malam da Faransanci.

"Mushe, kana nuhin rana ce?"

"Rana ce, Malam Sallau!"

"To mi nac ce tun hwarko?"

Ya karɓi goron ya ɓare ya jefa baki, ya koma ƙofa. Ni ma ina wurin, kuma abin da na fahimta ke nan, rana ce. Daga nan ba wanda ya sake gwadawa. Sun ga tasa na samun wanka kyauta, kashin tsuntsaye na fita, ga kuma mai gadi da ba ya neman hutu.

Latifa ta tashi tana jin ana kiran ubanta lokotoro. Kanta na ja a lakwal, wato makarantar boko, da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare aka tambaye ta abin da za ta karanta, ta ce aikin tasa. Sallau ya bi gari yana shela cewa shi ya san wajen Tsohuwa, 'yarsa za ta je Yamai ta koyo cikinta, in sun haɗu ba sauran ciwo. Ta je ta yi shekarunta, ta dawo da diplom, takardar shaidar karatu, kamfanin kuma ya turo ta gidan da aka haife ta.

Ba ta daɗe da fara aiki ba ta zo bayan rumfata ta zauna. Na zuba mata sakwara, ta yi ta juya loma ɗaya a cikin miya.

"Gwaggo, in hwaɗa miki wata magana ki riƙe?"

"In miji kinka samu, ba ni riƙewa, yanzu Gaya za ta ji."

"Ba miji ba ne. Ruwan Baba ne. Gwaggo, ba shi yin komi. Ko an zuba ko ba a zuba ba, da kanta taka dawowa. Tun shekarar hwarko anka koya muna. Ranar nan ban iya cin abinci ba."

Ita ta yi mini misalin injin niƙa da na ba ku. Na yi dariya, Allah ya sani na yi, har na zauna a ƙasa ina riƙe ciki. Na tuna auren da aka ɗaga, na tuna rago, na tuna abarbar bayin Allah. Sai na ɗaga kai na hango shi can tsakar gida, ya tsuguna yana wanke tulun nan ciki da bai, yana 'yar waƙarsa. Dariyar ta ɗauke. Tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ni da na ƙare rayuwata ina yi masa tsiya.

"In hwaɗa mishi?" in ji Latifa.

Na nuna mata taɓarya. "Kin ga wagga? Ran da kinka hwaɗa mishi, ke za ni kirɓawa, ba doya ba."

Muka je wurin uwarta tare. Hajjo ta saurara tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Da muka gama ta ce, "Na zauna da malam sanda aka ce mishi gardi, na zauna da shi sanda aka ce mishi lokotoro. Ku bar min na biyun."

Daga nan muka zama mu uku a kan sirri ɗaya. Latifa ta fi mu aiki, don ita ordinata na nuna mata ranar da abin zai zo. Tsufa ya fara kama Sallau, hawan da yake yi da numfashi ɗaya ya koma sai ya huta a tsakiya, muna ta fargaban wata rana rezo ya riga shi. Sai ta riƙa zuwa tun da hantsi ta ce, "Baba, na duba cikin Tsohuwa, kamar yau za ta ji jiki." Shi kuwa sai ya hau da wuri, ya zauna a kan tsani da tulu a cinya da malafa a ka yana jira. Tana suma yana yayyafi. Yakan sauko ya ce mini, "Kin ga amfanin lakwal? Da sai ta hwaɗi nika sani. Yanzu tun ba ta hwaɗi ba."

Haka muka lallaɓa 'yan shekaru, sai gwiwarsa ta ce ba ta san zancen ba. Ta kumbura suntum, likitan gaske ya ce in ya sake hawa tsani to ya tanadi mai sauko da shi. Lokacin ajiye aikinsa ma ya yi. Ba barin aikin ya dame shi ba, Tsohuwa ce. Gero ya kusa isa yanka, ga shi a zaune. Ya sa Latifa gaba da darasi. Kowace yamma za ka gan ta tsaye a tsakar gida da ƙoƙo tana yayyafa wa bango ruwa, mace guda mai diplom, shi yana zaune yana gyara mata hannu.

"Ba hakanan ba! Gobara kika kashewa?"

In ta shiga ɗaki sai ya rage murya. "Rakiya, ina tsoro. In ba ta karɓi hannun yarinyar ga ba hwa? Gari shi tsaya, a ce ɗiyar Sallau ta kasa?"

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni na tabbata za ta karɓa. A rayuwata ban taɓa ba da tabbaci gaba gaɗi irin wannan ba. Shirinmu mai sauƙi ne. Ranar farko Latifa za ta hau da wuri kamar yadda yake yi, ta jira, ta yayyafa, rezo ya dawo, tsoho ya koma Bengu da mutuncinsa cif.

Sai shef na yanzu, Mushe Salisu, mutumin kirki mai son biki, ya ce ba za a sallami Malam Sallau a bushe ba, sai an yi walima, har manya za su zo daga Doso. Ranar da manyan suka zaɓa ta faɗo jajibirin ranar da ordinata ta nuna. Latifa ta duba ta sake dubawa, ta ce ba komai, sai washegari abin zai fara. Daga baya ta faɗa mini cewa wani lokaci yakan ɗan taɓa tun kafin ranar, ya ɗauke ya dawo da sauri, gajere ƙwarai. Ta san da haka, ta dai yi fatan ba zai yi ba.

Aka kafa rumfa a tsakar gida, aka jera kujeru. Direbobi suka zo, 'yan tiranzi masu fitar da takardun kaya suka zo, dangi suka cika mota daga Bengu. Sallau na gaba cikin babbar riga, ƙafar a miƙe kan kujera 'yar tsuguno, tulunsa cike a gindin tsani saboda gobe. Latifa ta sha ɗinki, buje matsattse da takalmi mai tsini, tana kai da kawo da faranti. Ni na yi abincin, baƙin Doso kuwa ba su saba da yajin Gaya ba. Suka ci suna hawaye, suka nemi ruwa, ruwan leda ya ƙare, wani ya hango tulu mai sanyi a inuwa. Aka yi ta miƙa ƙoƙo daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya lura.

Mushe Salisu ya miƙe ya fara jawabi da Faransanci. Ya yabi Sallau, ya yabi kamfani, ya koma tarihin tarho tun daga farkonsa. Rana ta hau tsaka. Yana cikin jan wata doguwar magana wani ma'aikaci ya leƙo daga ciki ya ce, "Shef, rezo ya tahi."

Kowa ya zaro tarho ya duba, kowa ya juya ya kalli Sallau. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta mayar da shi, babbar riga ta naɗe masa hannu.

"Auta! Tulu!"

Latifa ta saki faranti ta ruga. Ta ɗaga tulu, ya taso mata sakayau. Ta kifa shi, ko ɗigo. Na sungumi robar da nake wanke kwanoni na nufe ta, ruwa na zuba mini a zane.

"Kul!" in ji Sallau. "Ruwan kwanoni? Da sabulu da mai? Kashe ta za ku yi?"

"Sallau, ruwa ai ruwa ne!"

"Gare ki! Hajjo, randa!"

Hajjo, wadda tun da na san ta ban taɓa ganin ta da gudu ba, ta tattare zane ta nufi ɗakinsu na bayan gida. Wani direba ya miƙo ruwan gora, Sallau ya ce na butik ne, a kanti aka saye shi, bai kwana a randa ba. Babban baƙon Doso ya tambayi Mushe Salisu ko wannan ma cikin shirin bikin ne, Mushe Salisu ya ce e to, al'adar gida ce. Ni kuwa idona na sama, ina roƙon rana a zuci ta yi wa Allah ta tsaya inda take. Ban taɓa addu'ar rezo ya daɗe bai dawo ba sai ranar.

Hajjo ta dawo da ƙwarya cike tana haki. Latifa ta yi wurgi da takalma, ta ɗora ƙwarya a ka, ta kama tsani. Buje ya ƙi ba ta hanya, ta ja shi har ɗinkin ya yi ƙara. Ta fara hawa. Ba ta kai ko rabi ba tarhon wani ɗan tiranzi ya ɗauki kuka. Sai na kusa da shi. Sai duk rumfar ta kama, wannan kiɗa, wannan karatu, wannan carar zakara, saƙonnin da suka maƙale suna ta shigowa. Ruwa kuwa na nan cikin ƙwarya a kan Latifa, ko ɗigo bai taɓa tasa ba.

"A'a," in ji wani direba mai ƙaton baki, "ashe da kanta taka..."

Na taka masa ƙafa da duk nauyina, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce.

Ba wanda ya amsa tarhonsa. Ɗaya bayan ɗaya suka yi kukansu suka gaji. Latifa ta tsaya inda take, ba ta hau ba ba ta sauko ba, ta kasa waiwayowa. Hajjo ta toshe baki da gefen mayafi. Ni na kalli Sallau, kuma da na san abin da zan gani da ban kalla ba. Ya dubi tasa, ya dubi ƙwaryar, ya ɗaga kai ya dubi rana da ido a kanne, ya daɗe a haka. Na san fuskar nan tun muna wasan ƙasa a Bengu. Na ga tunanin na tafiya a cikinta, shekara na bin shekara, na kuma ga inda ya je ya tsaya. Wallahi da ana iya mayar da rana baya ko kaɗan, da na ba da turmi da taɓarya da rumfar duka.

Sai ya gyara zaman hularsa, ya juya wajen baƙin Doso, ya ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji.

"Kun gani da idonku? Ni sai na hau, sai na zuba, sai na lallasa. Wagga ko, motsin ƙahwarta kawai Tsohuwa taj ji bisa tsani, tam miƙe. Ɗiyata ta hi ni. Ku shaida, ɗiyata ta hi ni!"

Wuri ya kaure da tafi da kabbara. Direbobi na ihu, matan Bengu na guɗa, babban baƙo ma ya tafa ko da yake bai san abin da ake ciki ba. Latifa ta sauko a hankali, hawaye sun wanke mata kwalli, ta zo ta durƙusa gabansa da ƙwaryar cike a hannu. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza mata kai.

Ina kusa da su, shi ya sa na ji abin da sauran ba su ji ba. Muryar ta koma ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

"Auta, tunda kin ɗauko, hau ki zuba mata. Ba don komi ba. Ta dai saba."

Latifa ta goge ido da bayan hannu, ta mayar da ƙwaryar a ka, ta koma ta kama tsani. Kowa ya ɗaga kai yana kallon ta. Shi kuwa bai kalla ba, ya sunkuya yana murza gwiwarsa.